Ƙashin kakan ƙadangare a falon attajiri

Ranar 16 ga Yulin 2025, kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke birnin New York ya sayar da wasu abubuwa biyu da suka tsaya mini a rai. Na farko dutse ne mai nauyin kusan kilo 25, wanda masana suka ce daga duniyar Mars ya ɓalle, ya faɗo a hamadar yankin Agadas, aka tsince shi a watan Nuwamban 2023. An sallama shi a kan dala miliyan 5.3. Na biyu kwarangwal ne na wani ɗan matashin dainoso, irin dabbobin nan da muke kira kakannin ƙadangaru, mai suna Ceratosaurus, wanda aka tono a jihar Wyoming ta Amurka a 1996. Shi kuma dala miliyan 30.5. Ba a faɗi sunan wanda ya sayi ko ɗaya daga cikinsu ba. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda dutsen ya bar ƙasarta, kuma a watan Agusta ta dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu.

Kwarangwal ɗin nan ya shafe fiye da shekara ashirin a wani gidan adana kayan tarihi a jihar Utah, kowa na iya zuwa ya gani. Yanzu mallakin mutum guda ne. In ya ga dama ya ba da aronsa, in ya ga dama ya kafa shi a falonsa ya rufe ƙofa. A nan ne rigimar da ta raba kan masana wannan fanni take: ya halatta a gina binciken kimiyya a kan ƙashin da ke hannun wani mutum shi kaɗai, ko kuwa a kau da kai a yi kamar ba a san da shi ba?

Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, kuma duk shekara sai an sami yaron da ya tambaye ni ko za a iya samun irin waɗannan ƙasusuwa a nan wajenmu. Amsar ita ce da wuya ƙwarai. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiyar da ake ginawa a Madobi ko Kura ko Bunkure ya san jerin da maginin ke ratsawa: ƙasar sama mai duhu, sai jar ƙasa, sai marmara, sai wani ruɓaɓɓen dutse mai ƙyalli-ƙyalli da ke murmushewa a hannu, sai kuma ka ji diga ta yi tsalle tana fid da tartsatsi, an iso fa. Haka ma masu aikin hanyoyin ruwan da suka taso daga dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, suka tarar. Wannan fa ɗin daga narkakken dutse ya daskare can ƙarƙashin ƙasa, ko kuma zafi da matsi suka toya shi, shekaru sama da miliyan 500 da suka wuce, tun ba a halicci dainoso ba. Su dainoso sun yi zamaninsu ne daga wajen shekara miliyan 230 zuwa miliyan 66 baya. Kuma ƙashi ba ya zama dutse sai laka ko yashin da ruwa ya kwaso ya binne shi da wuri, ya yi ta hawa hawa a kansa. Ƙasarmu ta tumatir da shinkafa ce, ba ta ajiye mana wannan ba.

Amma ba nisa za a yi ba. Kusan shekara miliyan 70 da suka wuce, wani reshen teku ya ratso inda Sahara take yau har ya iso ƙasar Sakkwato, ya bar laka mai kauri. A cikinta aka sami ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, wanda Baturen Birtaniya W. E. Swinton ya fara bayyanawa a 1930, daga baya a 1972 masana daga Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus, saboda Goronyo. Shi ba dainoso ba ne, amma zamaninsu ɗaya da na ƙarshensu. A 1975 Beverly Halstead ya bayyana wani tsohon kada daga can, Sokotosuchus.

Babbar taskar kuwa tana Nijar. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere kudu maso gabas da Agadas, iska kan yaye yashi ta bar ƙasusuwa a shimfiɗe a fili. Faransawa masu neman yuraniyam ne suka kai labari gida, wani matashin masani Philippe Taquet ya je a 1965, ya dawo da dabbar da ya sa wa suna Ouranosaurus nigeriensis a 1976, mai cin ganye, mai dogayen ƙasusuwa a tsaye bisa gadon baya. Daga nan ne kuma aka sami Sarcosuchus, kadan da tsawonsa ya kai mita 9 ko fiye. Daga shekarun 1990 Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya riƙa zuwa da tawagarsa. Su suka bayyana Afrovenator daga yankin Ingal a 1994, da Suchomimus mai kamun kifi a 1998, da Jobaria da Nigersaurus a 1999. Shi Nigersaurus, bakinsa shimfiɗaɗɗe ne, haƙoransa sun haura 500, yana kiwo kansa a sunkuye. Kusan duk waɗannan tafiye-tafiye Buzaye ne ke gaba, domin su ne suka san inda manyan ƙasusuwan suke tun kafin wani Bature ya zo da awo.

Akwai wani labari daga Gadufawa da nake ganin ya fi kowane bayyana abin da ake gardama a kai. Giancarlo Ligabue attajiri ne a birnin Venice na Italiya, kamfaninsu na sayar wa jiragen ruwa kayan abinci, kuma yana da son tsofaffin abubuwa. A farkon shekarun 1970 ya sa kuɗinsa aka yi tafiya hamadar tare da Taquet. Kwarangwal ɗin Ouranosaurus na biyu ya ƙare a Venice, kuma Ligabue bai ajiye shi a gidansa ba, ya ba wa gidan tarihin halittu na birnin, inda yake tsaye tun 1975. Shekara arba'in da ɗoriya mutane na wucewa suna kallonsa. Sai a 2017 wasu masana uku, Bertozzo da Dalla Vecchia da Fabbri, suka wallafa cikakken nazarinsa ƙashi bayan ƙashi. Suka gano cewa ba duka na dabba ɗaya ba ne. Wasu ƙasusuwan filasta ce aka ƙera ta cike gurbi, wasu kuma, kamar ƙashin cinyar dama da na ƙwauri, da alama daga wata dabbar aka ɗauko aka haɗa. Abin da ya ba su damar warware wannan abu biyu ne: kwarangwal ɗin na nan inda za a iya zuwa a taɓa shi, kuma an sami tsohuwar taswirar da aka zana a filin tono, wadda ta nuna yadda kowane ƙashi yake kwance ranar da aka same shi. Da Ligabue ya rasu da shi a falonsa a 2015, magada suka raba ko suka sayar, da wa zai gano?

Wani maƙwabcina direban babbar mota, wanda a da yake jigilar kaya zuwa Agadas, ya taɓa shigowa zaurena da wani abu a naɗe cikin ledar burodi. Ya ce, "Malam, kai da ka san duwatsu, duba mini wannan." Haƙori ne, tsawonsa kamar ɗan yatsana na tsakiya, ruwan ƙasa mai duhu kamar ƙonannen goro, ya fi girmansa nauyi. Zagayayye ne mai tsini, ya ɗan lanƙwasa, da siraran layuka daga gindi zuwa kai waɗanda sai ka bi da farce za ka ji su. A gindinsa akwai jan yashi da ya manne ya zama jiki ɗaya da shi.

Na ce, "Alhaji, a ina aka tsinto shi?"

Ya ce, "Wani ne ya tallata mini a tasha. Ya ce daga jeji."

Iyakar tarihin haƙorin ke nan. Mai irin wannan siffa zai iya zama na kada, zai iya zama na dainoso mai cin kifi. Daga jejin Nijar ya fito ko daga kudancin Maroko, inda ake tono irinsu dubbai ana kai wa kasuwannin duniya? Daga wane hawa na dutse? Me ke kwance kusa da shi? Shi kaɗai ne ko akwai muƙamuƙi a gefe da aka bari? Masani ba daga jikin ƙashi yake karanta zamaninsa ba, daga hawan dutsen da ya kwanta a ciki ne, da abin da ke samansa da ƙasansa. Laka ce ke faɗin ko kogi ne ko tafki ko bakin teku. Ranar da aka ɗaga haƙorin nan ba tare da an rubuta wurin ba, rabin abin da zai iya faɗa ya tafi, kuma ba kuɗin da zai dawo da shi. Masu tono domin sayarwa, musamman talakawan da ake biya da guda, ba su da dalilin tsayawa zane da awo. Mai saye ƙashi yake so, ba laka ba.

Ɗayan rabin matsalar ya fi wannan zurfi. Mu da muka tashi a makarantar zaure mun san ba a karɓar ruwaya sai an bi sanadinta, wa ya ji daga wa, kuma ana iya komawa a bincika kowane mutum a jerin. To, a wannan fanni ƙashin shi ne asalin da ake komawa gare shi. In masani ya ce ya auna ƙoƙon kai ya ga kaza, don haka wannan sabuwar dabba ce, dole wani ya iya zuwa bayan shekara hamsin da sabuwar na'ura ya sake aunawa, ya gaskata shi ko ya ƙaryata. Saboda haka ƙungiyar masana burbushin dabbobi masu ƙashin baya, wadda aka kafa a Amurka a 1940, ta tsaya kan cewa mujallarta ba ta buga bincike sai a kan ƙashin da aka ajiye dindindin a wata ma'ajiya ta amanar jama'a, mai lamba, mai rajista. Aro bai wadatar ba a wurinsu, domin mai aro yana iya zuwa gobe ya ce a ba shi kayansa.

Ba tsoron banza ba ne. Akwai wani kwarangwal na Tyrannosaurus rex da ake wa laƙabi da Stan, wanda ya daɗe a wani kamfanin tono a jihar Dakota ta Kudu, masana suka yi ta rubutu a kansa. A watan Oktoban 2020 aka yi gwanjonsa a kan dala miliyan 31.8, ya ɓace, fiye da shekara guda ba wanda ya san inda yake, sai a 2022 aka ji ashe Abu Dhabi ce ta saya domin sabon gidan tarihinta. An yi sa'a. Amma kwatanta da 1997, lokacin da gidan tarihi na Field da ke Chicago ya sayi wani mai suna Sue a kan dala miliyan 8.36, shi ma sai da kamfanonin McDonald's da Disney suka kama masa. Yanzu farashin ya fi ƙarfin kowace jami'a. A 2025 wani masani, Thomas Carr, ya ƙirga ya ce T. rex masu amfani ga bincike da ke hannun 'yan kasuwa da attajirai 71 ne, na ma'ajiyar jama'a kuwa 61. A Amurka doka ta ba mai fili abin da ke cikin filinsa, don haka makiyayin da a da yake barin malaman jami'a su yi tono kyauta, yanzu dillali yake jira.

Inda kuɗi ya shiga kuma, algus ba ya nisa. A 1999 aka sayi wani burbushi daga Sin a kasuwar duwatsu ta Tucson a kan dala 80,000, mujallar National Geographic ta tallata shi a watan Nuwamba a matsayin mahaɗi tsakanin dainoso da tsuntsu, da sunan Archaeoraptor. Masanin Sin Xu Xing ne ya ci karo da ɗaya ɓarin dutsen da wutsiyar ta fito, aka gane jikin tsuntsu ne aka manna wa wutsiyar wani ƙaramin dainoso. Kafin wannan, wani ƙoƙon kai daga Brazil da gidan tarihin Stuttgart ya saya, masanan da suka bayyana shi a 1996 sai da suka sha wahalar kankare abin da dillalai suka liƙa masa don hancin ya ƙara tsawo, ya ƙara tsada.

Duk da haka ba na cikin masu cewa ɗan kasuwa da mai tarawa abokan gaba ne. Wannan ilimi a hannunsu ya fara. Mary Anning, 'yar talakawa a garin Lyme Regis na Ingila a farkon ƙarni na 19, da tono da sayarwa take ci, kuma abin da ta tono shi manyan malaman London suka yi suna da shi. Shahararren burbushin Archaeopteryx da ke London daga hannun wani likitan ƙauye a Jamus, Karl Häberlein, aka saye shi a 1862. Kuma ƙashin da ya fito fili a hamada ba ya jiran kowa. Rana da iska kan farfashe shi cikin 'yan shekaru, masu digiri kuwa ba su kai yawan da za su bi ko'ina ba.

Ita ma ma'ajiyar jama'a ba ta fi ƙarfin ƙaddara ba. Ƙasusuwan farko na wani dainoso mai suna Spinosaurus, waɗanda aka tono a Masar a 1912, Ernst Stromer ya bayyana su a 1915, a gidan tarihin gwamnati suke a Munich lokacin da jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa birnin ruwan bama-bamai a watan Afrilun 1944, suka zama toka. A 2018 gobara ta cinye babban gidan tarihin Brazil da ke Rio. Abin da ya dawo da Spinosaurus kuwa ta hannun kasuwa ya biyo. A 2008 wani ɗalibi, Nizar Ibrahim, ya karɓi wasu ƙasusuwa a kwali daga wani mai tono a garin Erfoud na Maroko. Daga baya ya ga irinsu sak a gidan tarihin Milan, waɗanda suka iso ta hannun wani dillali. Ya san in dai ba a gano ramin da suka fito ba, ba abin da zai iya tabbatarwa. Bai san sunan mutumin ba, gashin bakinsa kawai ya riƙe. Sai a 2013 ya hango shi yana wucewa a titi, ya bi shi, ya lallashe shi ya kai su wurin, suka tono sauran guntaye da suka dace da na hannunsu. An buga binciken a 2014, an mayar da ƙasusuwan Jami'ar Casablanca. Ko da hakan, sai da wasu masana suka yi ta jayayya cewa ƙila dabbobi biyu aka cakuɗa, tun da ba masani ne ya ɗaga su daga ƙasa da farko ba.

Ana neman tsaka-tsaki yanzu. A watan Yulin 2024 attajiri Ken Griffin ya sayi wani Stegosaurus mai laƙabi Apex a kan dala miliyan 44.6, ya ba babban gidan tarihin halittu na New York aronsa na shekara huɗu, ana kuma ɗaukar hotonsa na kwamfuta ta kowace fuska don masu bincike. Ya fi a kulle shi. Amma hoto ba ya ba ka damar yanka ɗan siririn ƙashi ka ƙirga shekarun dabbar, kuma tambayar da ɗalibi zai zo da ita nan da shekara talatin ba mu san wace iri ba ce balle mu ɗauki hoton amsarta. Ni ra'ayina, a duba na hannun mutane, a auna, a koya daga gare shi, amma kada a raɗa wa sabuwar dabba suna a kan ƙashin da gobe za a iya sa shi a kwantena.

Sai dai akwai abin da masu wannan muhawara a Turai da Amurka ba su cika faɗa ba. In sun ce "ma'ajiyar jama'a", wace jama'a? Ƙoƙon kan Goronyosaurus yana birnin Florence. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke son ya gan shi sai ya nemi biza da kuɗin jirgi, kuma duk mun san yadda neman biza yake ƙarewa ga ɗan talaka. A wurinsa, tsakanin ƙofar gidan tarihin Florence da ƙofar falon attajiri bambancin kaɗan ne. Ƙasashen da suka gane haka sun fara motsi. Mongoliya ta bi wani kwarangwal na Tarbosaurus da aka yi gwanjonsa a New York a 2012 har kotu, aka mayar mata da shi a 2013. 'Yan Brazil suka yi ta matsa lamba kan wani ƙaramin dainoso, Ubirajara, da aka bayyana a 2020 yana gidan tarihin gwamnati a Karlsruhe ta Jamus, har aka janye takardar binciken, aka mayar da shi gida a 2023. Nijar tana da dokar kare kayan gado tun 1997, kuma Ouranosaurus na farko da Taquet ya tono ya koma Yamai, yana gidan tarihi na Boubou Hama. Yawancin abin da Sereno ya kwasa yana Chicago bisa alkawarin dawowa, ana ta maganar gina gidajen da za su karɓe su a Yamai da Agadas. Ginin shi ne magana, domin ba za ka ce a dawo maka da kaya ba alhali ɗakin da za ka sa su yana yoyo, ba rajista, ba ma'aikacin da aka horar.

Mu a Najeriya muna da hukumar kula da gidajen tarihi tun 1979, muna da hukumar binciken ma'adinai, muna da sashen nazarin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello da sauran jami'o'i. Wanda ya ci karo da irin wannan ƙashi, abin da ya fi amfani ya yi ba shi da tsada: ya ɗauki hoto da waya tun yana kwance a wurinsa, ya ajiye takalmi ko biro a gefe don a gane girma, ya ɗauki bangon ramin, ya riƙe sunan wurin, sannan ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan kafin ya ɗaga.

A yankunan Dange da Shuni da Wurno mutane na haƙar ƙananan ramuka suna fid da ma'adinan da ake haɗa siminti da taki da su, a cikin lakar tsohon tekun nan. Ƙoƙon kai na gaba da zai fito daga ƙasar Sakkwato, mai yiwuwa a ƙarƙashin digar ɗaya daga cikinsu zai fito, mutumin da ake biya da buhu. Malamin jami'a sai ya rubuta takardar neman kuɗin mai ya jira a sa hannu. Dillali kuwa da kuɗinsa a aljihu yake yawo, kuma ya san lambar wayar sarkin ramin.